Na ga iyakar Ɗanladi a tashar Mansura

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba? Ya maigida da yara? Doha lafiya lau.

Ɗanladin da kike ɗoki ya dawo ya koya wa yaranki harsunan Turawa, na ga iyakarsa. Ranar ƙwallo ni da shi muna gadin layin fasinjoji a tashar jirgin ƙasa ta Mansura, wasu Turawa 'yan ƙasashen Cek da Sulobakiya suka danno, suka matse wani dattijo. Gogan naki ya zaro waya yana neman "ku ja baya" da yarensu. Ma'anoni suka fito barkatai, ya tsaya zaɓe! Ni tsawa ɗaya na daka, suka matsa. Ina waiwayawa, sai ga malamin naki ya ɓuya a bayan ginshiƙi.

A gaida Inna, a sa ni a addu'a. Yaran kuma, nema musu wani.

Ƙaninki,
Bashir