Funfuna a Akwatin Mama

Salt River, Cape Town
14 ga Satumba

Zuwa ga yayata, Tietie Galiema,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Perth, ke da maigidanki Boeta Armien da yara, Ya kuma sassauta miki ciwon gwiwa. Mu nan sai godiya. Sanyin bana ya zo da ruwa kamar ba zai ɗauke ba, sai makon jiya muka ga rana sosai. Ƙanwarmu Jawayer ta yi jika, namiji, mai kunnuwa irin na Baba. Tarin matata Rugaya ya yi sauƙi, kuma dalilin tarin yana cikin abin da zan gaya miki.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, ina ajiyewa. Kin ce in fito da medorar Mama, farin ɗankwalin amarya mai adon zaren zinariya, ta sha iska, tunda ita 'yarki Nuraan za ta ɗaura a ka ranar aurenta a Disamba, kamar yadda Mama ta ɗaura, kika ɗaura, Jawayer ma ta ɗaura. Tietie, medorar ta lalace, kuma ni na lalata ta. Gara ki ji daga bakina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna bayan rasuwar Mama kin ce a kai akwatinta gidan Jawayer, na tashi na ce ina, ni ne mai gida na kaina, ba za a ajiye kayan uwata a gidan haya ba. Na yi maganar da ƙarfi a gaban mutane, har Jawayer ta sunkuyar da kai. Sai na kai akwatin ƙaramin ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin kicin, na rufe, na ce ko ɓarawo bai san da wurin ba.

To, gidan nan tsoho ne, daɓensa katako, akwai fili tsakanin katakon da ƙasa. A gindin bango ta waje akwai bulo guda takwas masu huji-huji. Shekara uku da suka wuce na dube su na ce ta nan sanyi da ɓeraye ke shigo mana. Kin san ni, shekara talatin ina gyaran jikin mota, tun ina share gareji har na mallaki nawa, kuma a sana'armu duk hujin da ka bari ƙofar tsatsa ce. Sai na kwaɓa siminti na toshe su tas, na shafa fenti. Maƙwabcina Boeta Toyer, tsohon magini, ya leƙo ta katanga ya ce in bari, ta nan gida ke numfashi, wanda ya toshe wa gida hanci zai kwana da warin bakinsa. Na yi dariya na ce masa da ya iya gini haka da ba a gidan surukinsa yake zaune ba. Wallahi har yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gidan bai ɓoye mini komai ba, ni na ƙi gani. Wari ya fara tashi kamar na jiƙaƙƙen buhu, na ce Rugaya ce ke shanya a ɗaki. Takalmin Idina ya yi kore a cikin kabad, na ce fatar ce ba ta da kyau. Baƙaƙen ɗigo suka fito a gindin bango, na bi su da fenti har sau biyu. Rugaya ta yi ta tari duk lokacin sanyi, na ce ta rage shan ruwan firiji. Ta ce ko alƙali ne ni, ai ya kamata wata rana laifi ya faɗo a kaina ko da bisa kuskure.

Da saƙonki ya zo, na ɗaga murfin ɗakin da tocila a hannu. Warin da ya buge ni sai da na ja da baya. Katakan ƙarƙashi duk sun yi fari kamar an watsa musu auduga, bango yana gumi, ƙasa ta jiƙe, ashe bututun ruwan rufi ma a gindin bangon yake zubarwa. Gindin akwatin ya ci tsatsa ya huje. Ni mai yaƙi da tsatsa! Dardumar Baba ta ruɓe. Medorar kuwa, farin yadin ya yi baƙi da funfuna, ina ɗagawa ya rabe a inda Mama ta ninke shi. Na zauna a kan matakala, ban san na daɗe ba sai da Rugaya ta sauko nemana.

Akwai abin da ya fi wannan muni, shi ma sai na faɗa. Na yi niyyar neman wata medorar mai kama da ita in miƙa miki shiru. Rugaya ta ce ko da ido rufe kin san ɗinkin da Mama ta yi a gefen da ya taɓa yagewa, in kuma ba ki gane ba, ita za ta gaya miki tun a filin jirgi ranar da kika iso.

Mun kai medorar wurin Anti Gawa, mai shirya amare a unguwar Bo-Kaap. Ta duba ta daɗe, sannan ta tambaya wane mara tausayi ne ya binne wannan da rai. Rugaya ta nuna ni da haɓa. Anti Gawa ta ce yadin ya mutu, amma zaren zinariyar ya tsira, wajen kashi biyu cikin uku. Za ta iya yanke furannin ɗaya bayan ɗaya ta ɗora su a sabon yadi kafin Disamba, in an ba ta izini cikin watan nan. Gefen ɗinkin Mama yana cikin abin da ya tsira.

Shi kuwa gida, da ƙafata na je na ba Boeta Toyer haƙuri. Sai ya ɗauko kujera ya zauna a bakin titi, ni kuma na durƙusa da guduma ina fasa simintina a gaban duk 'yan layi. Kowane huji na buɗe sai ya ce saura nawa, injiniya? Mun karkatar da bututun zuwa kwata, mun cire katako biyu da suka ruɓe, sauran na goge su da ruwan khal da ƙyalle a hanci. Ya ce kada in ƙara jingina kaya da bango ko in ajiye a ƙasa, in kuma riƙa leƙa wurin duk bayan ruwa mai yawa. Yanzu iska na shigowa, ƙafafuna na sanyi da safe, ban kuma yi ƙorafi ba. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Tietie, na hana Anti Gawa sa almakashi sai na ji daga gare ki. Na yanke hukunci a kan kayan Mama sau ɗaya ban tambayi kowa ba, kin ga inda ya kai mu. In kin ce a yanka, a yanka. In kin ce a bar ta yadda take, ni zan gaya wa Nuraan dalili da bakina. Sauran kayan da suka tsira na kai su gidan hayar Jawayer da kaina. Ta ɗora su a saman kabad, sai ta zuba mini shayi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ki gaishe da Boeta Armien, da ɗanki Shamiel, da amaryarmu Nuraan. Rugaya da Jawayer da Anti Gawa suna gaishe ki. Ki yafe mini, don Allah.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Sedick