Gadin Tudun Baba

Zuwa ga Yaya Osmund, a gidan masu ibada, ƙetaren teku.

Yaya, ka taɓa jin an ba ɗa mashi an ce ya tsare kabarin ubansa kada uwarsa ta shiga? To, yau ka ji. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, Allahn da ka bi ya kare ka daga sanyin bana. Ƙanwarmu Wulfrun ta sauka lafiya, an samu namiji. Sha'ir ya yi kyau, aladu sun yi ƙiba. Inna ce ba lafiya, tun zubar ganye tari ya kwantar da ita, ko romo da ƙyar take haɗiya. Kada rubutun nan ya ba ka mamaki, ba wanda ya koya mini. Leƙen littafin firist, limamin cocin nan, na yi ta yi, ina zane a toka, har na iya.

Ka san sarki ya shiga kogi an yi masa baftisma, mu mayaƙansa muka bi shi kamar tumaki, ba wanda ya tambaye mu. Washegari aka cinna wa ɗakin gunkinmu Woden wuta, aka hana ƙona gawa, aka ce kowa a filin coci za a binne shi. Inna kuwa ta ce ba za ta kwanta cikin baƙi ba, a ƙone ta, a zuba tokar a tukunya, a ajiye kusa da ta Baba a tudu. Da firist ya zo lallashinta, cewa ta yi mai sanƙon ganganci da bai taɓa ajiye mace ba, me ya sani game da makwancinta? Wai shekara talatin tana jure minsharin Baba, ba yanzu za ta sake gado ba.

Sai ga shi ni aka ba gadin tudun. Na durƙusa gaban sarki, ya ce in tuna gurasarsa da na ci, da rantsuwar da na yi masa. Gaskiyarsa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In na karya, na zama marar ubangida, duk wanda ya gamu da ni a daji ya kashe kamar kerkeci. In na tsaya, Kawu Beorn ya ce da kansa zai ɗauko gawar 'yar'uwarsa, ya ga ko zan soke shi. Jiya Inna ta kira ni karen coci, sannan ta kama hannuna ta ƙi saki.

Ga abin da ke cin raina. Da sunan Woden na rantse wa sarki, hannuna a kan zoben rantsuwa na ɗakin nan da ya ƙone. In Woden guntun itace ne, me ya ɗaure ni? In rantsuwar tana nan daram, wa ke riƙe da ita? Na tambayi firist, ya ja ni gefe wai in yi haƙuri in yi addu'a.

Wulfrun da mijinta Cenred suna gaishe ka. Kawu ya ce ko gashinka ya tsiro? Inna na tambaya ko kana samun abinci. Ka rubuto wa firist, tunda yana jin maganarka, ka ce ranar taron gari zan miƙe in yi tambayar nan da ƙarfi. Ba a lungu nake son amsa ba. Shi da sarki su tsaya gaban jama'a su faɗa mini wanda zan saɓa wa, tun Inna tana numfashi.

Ƙanenka,
Hunlaf