Akun Kaka da Mitar Mai Gyaran Wuta

Zuwa ga:
Mai Girma Jami'in Kula da Gyare-gyare,
Ofishin Gidajen Haya.

Daga:
'Yar autan masu gida na bakwai, hawa na biyu.

Litinin, 12 ga Mayu.

GAME DA: Fitilar ɗakina da ta koma hannun maƙwabci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman afuwa da na yi karambanin rubuto maka. Ban taɓa rubuta wa wani babba komai ba, ko a aji ba na ɗaga hannu. Tura ce ta kai bango.

1. Ranar Talata, 6 ga Mayu, ofishinka ya turo mai gyaran wuta ya gano wayoyin hawanmu, waɗanda suka cakuɗe a akwatin bango bayan an yi fenti. Ya kashe babban makunni. Ya zo da mitar gwaji, ruwan ɗorawa, mai tsinke biyu, ja da baƙi. Yakan murɗe bakin waya biyu a ɗaki, ya koma akwati yana taɓawa da tsinkunan. In mita ta yi ƙara, ya gano wayar ke nan, sai ya liƙa mata tef ya rubuta sunan ɗakin. Aikin ya burge ni ƙwarai.

2. Kejin akun Kakata yana rataye a baranda, dab da akwatin. Wannan tsuntsu ya iya tarin Baba da kukan ƙyauren kicin. Da mita ta yi ƙara sau biyu, ya haddace. Daga nan, da zarar mai gyara ya miƙa tsinke, aku ya riga mita. Mai gyara kuwa ba ya duban fuskar mitar, domin ya bar tabaransa a gida. Ya ce shekararsa ashirin yana aiki da kunne, bai taɓa ganin wayoyi masu biyayya irin namu ba.

3. Na yi ƙoƙarin sanar da shi. Na tsaya a bayansa na yi gyaran murya, ya ce 'yata, ba na shan ruwa. Na sake buɗe baki, Umma ta harare ni.

4. Ga inda muke yanzu. Makunnin kicin ɗinmu yana kaɗa ƙararrawar ƙofar maƙwabcinmu tela. Fankar Baba tana tashi ne idan matar tela ta jona dutsen guga. Fitilar ɗakina kuma, ɗakin da ba shi da taga, ta koma makunnin bayan gidan maƙwabcinmu direba.

5. Ranka ya daɗe, ina da jarrabawa ranar 20 ga wata. Yayana ya mamaye falo da kallon ƙwallo, ɗakin nan kaɗai gare ni. Sai direba ya shiga bayan gida nake karatu, shi kuwa mutum ne mai hanzari da lafiyar ciki. Tun Laraba nake kan shafi guda. Yayana ya ce in aika wa direban da wake. Ban aika ba, amma na kama kaina ina yi wa dattijo mai mutunci wani fata da ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

6. Baba ya je ofishinku, aka nuna masa rahoton cewa kowace waya ta amsa. Gaskiya ne, an amsa.

Saboda haka ina roƙo da a dawo da mai gyaran kafin jarrabawa, da tabaransa, ya duba lambar da mita ke nunawa. Don Allah kada a yi masa faɗa, mutumin kirki ne. Ni zan kai akun gidan Gwaggo tun da safe. Sai dai ina ba da shawara a saurari ƙarar da kyau, domin Kaka ma ta fara iyawa.

A gafarta mini karkacewar layin ƙarshe, na ji direba ya ja ruwan bayan gida, yanzu zai kashe fitila. Zan tura takardar ta ƙarƙashin ƙofarka in wuce kafin masinja ya ɗago kai. Kada a tambayi Umma, ba ta san zan fita ba.

Taka mai biyayya,
'Yar auta, gida na bakwai.