Kashi na Biyu da Na Saya wa Ezekiel

Wudil, Jihar Kano.
9 ga Mayu, 2017.

Zuwa ga Yaya Comfort,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Faith da yara, kuma ciwon ƙafar nan ya bar ki kin huta. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan zafi ne ya sa mu gaba, ruwa bai sauka ba tukuna. Aikina a ɗakin karatu na jami'a yana tafiya, ɗalibai na nan da halinsu, sai jarrabawa ta matso su tuna akwai littafi a duniya.

Yaya, maganar ƙaninmu Ezekiel ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba na iya faɗinta yana ji. Kin san tun da ya bar soja bara ya dawo wurina, magana sai an yi da gaske ake samunta a bakinsa. Malam Lukman mai shagon gem, wato wasannin bidiyo, a bakin titi ne ya ara masa na'ura da wani wasan harbi, irin wanda ba ka ganin kanka, sai hannunka da bakin bindiga a gaba, kamar da idonka kake kallo. Na so in hana, sai na ga abin mamaki. A wannan na farko kai kaɗai ne, kana harbin wasu dodanni masu kai kamar kabewa, in sun kashe ka ka tashi ka ci gaba. Ezekiel ya riƙa dariya, ya ce wanda ya ƙirƙiro shi ko bindigar toka bai taɓa riƙewa ba. Har ni ya koya wa, na yi ta harbin bango yana tsokanata. Ya koma cin abinci, ya bi ni coci sau biyu.

To ni da rawar kaina, da na ji an ce akwai kashi na biyu, sai na saya masa ranar haihuwarsa, ban tambayi kowa ba. Na ɗauka dodannin ne za su ƙaru. Ashe a na biyun mutane ne, da daji, da motoci a ƙone. Ƙarar harbin na farko kamar ana buga gwangwani take, wannan kuwa har a ƙirji kake jin ta. Mafi muni, an ba ka abokan yaƙi, kowa da sunansa, suna kiran ka a oba-oba.

Akwai wani wuri a bakin gada inda ake harbin ɗaya daga cikinsu, ya faɗi yana kira a zo a ɗauke shi. A nan Ezekiel ya tsaya, yau sati biyar. Ya bi ta dama, ya bi ta hagu, ya bi ta ƙarƙashin gadar, kullum kafin ya isa mutumin ya cika. Wasan ya buɗe masa hanya ya wuce gaba, shi kuwa sai ya koma farko. Ba sai na tuna miki Haladu ba, abokinsa da aka ba su umarnin janyewa suka baro shi a daji da rai. Dariyar ta ɗauke, tuwo sai ya huce a gabansa, wuyansa duk ya zurma.

Fasto ya zo ya yi addu'a, Ezekiel ya ce amin, ya yi godiya, ya ci gaba da wasansa. Na ɓoye faifan wasan, bai yi mini faɗa ba, sai ya zauna gaban talabijin a kashe, abin dannawa a hannunsa. Rana ta uku ni da kaina na mayar masa. Daga nan na je wurin Malam Lukman na roƙe shi dabarar ceton mutumin nan, ko sau ɗaya ne. Ya girgiza kai, ya ce babu, haka aka tsara wasan, ko wa ya buga sai mutumin ya mutu. Sati guda ina riƙe da maganar a cikina. Jiya bayan na taso aiki na zauna kusa da shi na gaya masa, ina tsoron ya fasa talabijin. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce mini ai ya sani, tun ranar farko ya sani. Sai ya danna ya koma bakin gada.

Yaya, na gaji, kuma dabarata ta ƙare. In kin samu hutu ki zo, ko da yake ban ga abin da zuwanki zai canza ba. Ki gaida Baban Faith, da Faith da Stephen, da Kawu Zakka. Ki gaida Mama sosai. In ta tambayi Ezekiel, ki ce mata yana gida, don iyakar gaskiyar da nake da ita ke nan.

Taki ƙanwa,
Esta.