Malamin da Ba Zai Iya Shigowa Makka Ba

Zuwa ga mai girma shugaban makarantar koyon gyaran ƙashin baya da allurar Sin, reshen Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Rakiya, ɗalibarka ce a ajin mata, a unguwar Rusaifa nake zaune. Na yi ta sintiri ofishinka, kullum sai a ce min kana taro, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani. Ba rashin kunya ba ne, na kasa zaune na kasa tsaye ne.

A garin nan aka haife ni, amma iƙamata, wato takardar zamana, a jikin ta mahaifina take rataye. Aikinsa zai ƙare da fitar Zulhajji, shi da mahaifiyata sun shirya komawa Kano, garin da ban taɓa gani ba. Wani asibitin mata a unguwarmu ya yi alkawarin ɗaukata aiki, ya mayar da iƙamata wurinsa, in zauna gidan yayana Sani, matuƙar na kawo takardar shaidar gyaran ƙashi kafin Muharram ya fita. In babu ita, jirgi zan bi.

Na ɗaya. Ranar rajista an tabbatar mana cewa malami zai zo daga Sin ya koya mana aikin hannu a nan Makka. Malamin ya zo, sai ga shi ba Musulmi ba ne. Ranka ya daɗe, ko yaron goye a garin nan ya san inda irin wannan baƙo yake tsayawa a hanyar Jidda, don wanda ba Musulmi ba ba ya shigowa Makka. Ba laifinsa ba ne, bawan Allah kiransa aka yi ya amsa. Amma duk faɗin makarantar nan a ce babu wanda ya tambaya kafin a sayo masa tikiti? An yi mana sakiyar da ba ruwa.

Na biyu. Tun Safar ta bidiyo muke karatu. Na haddace hanyoyin jiki na littafin Sin, ta hanta, ta ƙoda, ta huhu, da wuraren da ake soka allura a kowacce. Ko daga barci aka tashe ni zan zayyano su. To amma bugun jijiya fa? An ce a ɗora yatsu uku a wuyan hannu, a bambance mai santsi da mai tauri kamar tsirkiya. 'Yar tsanar robar da kuka raba mana ba ta da jijiya. Da ƙafafuna nake gwajin allura, har ƙwaurina ya yi baƙi, mahaifiyata ta kwashe alluran ta ɓoye. Mahaifina tsohon mai ɗori ne, da ya ga ina kallon waya ina matsa kafaɗar roba, girgiza kai ya yi, ya ce shi dai a wurin hannu ya koyi hannu. Na ji kunya, kuma na ji haushi, don gaskiya ya faɗa.

Na uku. Da muka matsa, sai kuka mayar da aikin hannun Jidda. Maza suka faɗa motocinsu suka tafi. Mu mata ba ma tuƙi, kai ma ka sani. Malami ba zai shigo ba, ni ba zan fita ba sai da mai kai ni. Sani ya ajiye aikinsa na direba ya ɗauke ni a cikin zafin Sha'aban, muka isa muka tarar an ɗage darasin, ko saƙon waya babu. Mai gidansa ya yi masa tatas, yanzu ba ni da bakin sake roƙonsa.

Na huɗu. Hukumar jarrabawa ba ta barin kowa ya zauna sai malami ya sa hannu cewa ya ga aikinsa da idonsa. Jarrabawar bayan Hajji ce. Ga Shawwal yana ƙarewa, nan da ɗan lokaci gari zai cika, Sani ya koma jigilar alhazai Arfa. Yaushe malamin zai gan ni? Kullum amsarku ɗaya ce, in sha Allah mako mai zuwa. Mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Abin da nake roƙo ba shi da wuya. Ku ɗaukar wa ajin mata mota guda ta riƙa kai mu Jidda tana dawo da mu, a fara kafin Zulƙida ya raba. In hakan ya gagara, akwai Musulmi a Sin masu wannan ilimi, ku kawo mana ɗaya, mace ma ta fi. In duk ba za a yi ba, ku faɗa mana ƙarara, mu daina rataye.

Ina roƙonka ka yi sauri, domin a gidanmu an fara fidda rai. Jiya mahaifiyata ta je kasuwar Zahir sayen akwatunan tafiya, ita da mahaifina su biyu ne masu tafiyar. Uku ta sayo, ta ajiye ɗaya a ƙofar ɗakina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya dafa maka a kan amanar da ke wuyanka, kada ya nuna wa 'ya'yanka ranar da za su bar garin haihuwarsu don sakacin wani.

Wassalam.
Ɗalibarka, Rakiya, Rusaifa.