Fentin Yaya Modu

Talata, bayan isha'i

Yau na hau tsani a siton kamfani ina duba kawunan bututun kashe gobara, waɗanda ke sakin ruwa da kansu in wuta ta tashi. Duk an shafe su da farin fenti. Kan da fenti ya toshe ba lallai ya buɗe ba, ga katifun soso jibge har rufi.

Yaya Modu ne ya yi fentin, ni kuma na samo masa aikin. Da na kira shi sai ya ce, "Ka goge da fetur mana, wa zai sani?" Na ce ba a gogewa, canzawa ake yi.

Na kai wa manaja rahoto. Ya tambayi wanda ya yi aikin, na faɗi sunan. Ban ji na yi laifi ba, ban kuma ji daɗi ba.

Da na dawo gidanmu a Madabo na tarar da Yaya a zaure. Inna ta aiko mana da tuwo a kwano ɗaya kamar kullum, ya ce ya ƙoshi. Na ci rabina, na rufe masa sauran.