Na Yi Wa Kaka Gyara Ina Tsaye

Anti Leata, don Allah ki taimake ni. Saura mako uku kakata ta koma Samoa, ni kuwa na ɓata rawata da tsalle.

Ina shekara ta biyu a jami'a a nan Brisbane, ina karanta ilimin motsin jiki, wato yadda tsoka da jijiya da gaɓoɓi ke aiki, da yadda ake tayar da wanda ya ji rauni. Gaskiya ina jin daɗin karatun nan. Ko jirgin ƙasa nake jira sai in tsinci kaina ina kallon tafiyar mutane, ina cewa wannan ƙugunsa ne, waccan takalminta ne. 'Yan cocinmu har sun naɗa ni likita, na yi musu har na gaji.

Saboda Kaka na zaɓi karatun. Mai tausa ce, a wajen uwarta ta gada. Tun ina 'yar shekara bakwai, duk zuwan da za ta yi ni ke riƙe mata kwalbar man kwakwa. Bana ta ce kafin ta tafi za mu wanke hannu a kwano ɗaya, yadda ake miƙa wa magaji sana'ar. Jikokinta ashirin da uku, amma ni ta zaɓa.

To, ranar Asabar yayana Peni ya yi targaɗe a wasan zari-ruga, idon sawunsa ya kumbura suntum. Na shigo falo na tarar Kaka tana murza wurin da mai, ga matar fasto da baƙi a kan tabarma. Ban san sa'ad da na ce ta bari ba, sabon targaɗe ƙanƙara yake so da hutu, tausa kumburi take ƙara masa. Anti, a tsaye na faɗa! Ina tsaye ƙerere a kanta, tana zaune. Sai ta rufe kwalbar.

Har yau ba ta yi min faɗa ba. Tana zuba min gwaza da kifi, tana tambayata karatu, amma in mai ciwon baya ya zo, da kanta take ɗauko man. Shi kuwa Peni, ɗan banza, yana ɗingishi yana kirana Farfesa. Na san gaskiya na faɗa, to me ya sa nake kuka?

Jikar Mai Tausa, daga Logan, gefen Brisbane

'Yata, share hawayenki, abin bai kai nan ba. Wadda ta cire ki daga ranta ba za ta tsaya zaɓar miki kifi ba.

Kina da gaskiya a kan ƙanƙara, kar ki janye. Amma ke ma kin san a gidajenmu ko gaisuwa za ki yi wa babba sai kin zauna, balle gyara, balle a gaban matar fasto. Kuma yatsun nan sun yi shekara hamsin a jikin mutane, sun san abin da babu a littafinki. Ita ma akwai abin da ba ta sani ba, kuma tsoho ba ya ƙin koyo, kunyar taro yake gudu.

Kar ki aika mamanki. Ki bari gida ya yi shiru, ki zauna a ƙasa, ki ba ta haƙuri a kan tsayuwar kawai. Sannan ki buɗe mata littafinki mai zanen tsoka, ki tambaye ta yadda take kiran kowace jijiya. Zancen ƙanƙara zai zo da kansa.

A ganina ba ta fasa wanke hannun nan ba. Ta ji ana ta kiran jikarta likita, tana tsoron kin fi ƙarfin kwanonta ne. Don haka kar ki jira kira. Da mai ciwon baya ya shigo, ki riga ta zuwa wurin kwalbar, ki dawo ki zauna a gefenta kamar da. Allah ya ba ki sa'a, ya sa ki raka ta filin jirgi da ƙanshin man kwakwa a hannunki.

Anti Leata